Gargaɗi ga Muridai bisa Hukuncin Yunwa da Karɓar Tsabar Agaji

Muna farawa da sunan Allah, Sarkin da ke ciyar da tsuntsu a sama da tururuwa a rami. Godiya ta tabbata gare shi a halin ƙoshi da halin yunwa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu, wanda ya ɗaura dutse bisa cikinsa ranar haƙar Handaƙu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, bawa mai rauni, mai kwaɗayin gafarar Ubangijinsa, yana cewa: tun tsadar hatsi ta shekarar 2024 'yan'uwa suke zuwa gare ni a asirce bayan an tashi daga zikiri, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana jin kunyar ɗan'uwansa. Wani ya ce: Malam, an rubuta sunana cikin masu karɓar abincin hukuma, shin tawakkalina ya ɓaci? Wani ya ce: tsabar nan daga ƙasar waɗanda ba Musulmi ba ta fito, shin ta halatta ga mai wuridi? Wani kuwa ya ce: shehunai sun yabi yunwa, don me zan gudu daga abin da suka yaba? Sai na ga ya wajaba in rubuta amsa guda ga kowa, na tsara ta bisa fasali shida da cikawa. Allah shi ne mai datarwa.

Fasali na farko: yunwa iri biyu ce

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah ya datar da ni da kai, yunwar da mutanen tafarki suka yaba ita ce yunwar zaɓi. Siffarta ita ce abinci yana gabanka, kana da ikon ci, sai ka janye hannu domin ka karya sha'awar rai, ka sauƙaƙa ma jikinka tsayuwar dare. Abu Ɗalibil Makki ya ƙirga ta cikin ginshiƙai huɗu na muridi, tare da shiru da rashin barci da kaɗaita. Ƙushairi ya yi mata babi a cikin Risalarsa, Gazali kuma ya yi mata littafi guda a cikin Ihya'u, wurin da ya yi magana bisa karya sha'awa biyu. Wannan yunwa tana da sharuɗɗa: a yi ta da izinin shehu, da gwargwado, kada ta raunana ka ga farilla, kada kuma wani da ke wuyanka ya cutu da ita.

Ta biyu ita ce yunwar tilas: rumbu ya ƙare, hannu babu kome, yaro yana kuka. Wannan bala'i ce da Allah ke jarraba bayinsa da ita. Wanda ya yi haƙuri yana da lada, amma ba a nemanta, ba a kuma zama cikinta alhali akwai mafita ta halal. Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya nemi tsarin Allah daga gare ta, kuma ba ya neman tsari daga abin da yake alheri tsantsa. Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, ya ba da labari cewa yakan faɗi sumamme tsakanin mumbari da ɗakin Nana A'isha, mai wucewa ya zaci hauka ce, alhali yunwa ce kurum. Da aka kawo ma Annabi ƙwaryar nono, bai ce ma mutanen Suffa su daure su ƙara daraja ba. Kiransu ya yi, suka sha har suka ƙoshi.

Malamanmu na mazhabar Maliku sun ce wanda ya ji tsoron halaka saboda yunwa, cin mushe ya wajaba gare shi, har ya ƙoshi ya yi guzuri. To, in mushe ya wajaba ga matsattse, ina ga dawa mai tsarki da aka auno masa a tiya?

Fasali na biyu: abin da ya same ni

Ba zan ɓoye muku aibina ba, ko Allah ya sa wani ya tsira da jinsa. Mahaifina ya ba ni labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, da 'Yar Buhu ta 1927, ina jinsu kamar tatsuniya, har Allah ya nuna mini tawa. Daminar 1973 ba ta yi ba. Ina zaune a wani ƙauye na ƙasar Damagaram, ina da makarantar allo da iyali da 'ya mace wadda ba a yaye ba. Kafin bazara dabbobi suka mutu, mata suka shiga jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, wasu suna sussukar ƙarangiya, wasu suna tona gidan tururuwa su kwashe tsabar da ta tara.

Sai mota ta kawo jar dawa daga Amurka, aka ce kowane mai gida ya zo ƙofar mai gari a rubuta sunansa da yawan bakin da yake ciyarwa. Na ƙi zuwa. Na ce a raina: ni da nake karantar da babin tawakkali, a gan ni da ƙwarya a sahu ɗaya da waɗanda nake ja ma salla? Na sa ma wannan ƙi suna zuhudu. Mai ɗakina ta ce: Malam, ruwan nono ya ɗauke. Na ce ta yi haƙuri. Aka yi rabo na farko da na biyu ban je ba. Ƙafafun yarinya suka fara kumbura, gashinta ya yi ja ya yi laushi.

Na tafi da ƙafa wurin shehuna, Allah ya jiƙansa, ina zaton zai yaba mini. Da na gama bayani ya yi shiru, kana ya ce: Ɗana, wa ya ba ka izinin wannan riyala? Na ce: Allah ya gafarta Malam, babu. Ya ce: Yunwar cikinka taka ce, in ka so ka ba da ita ga Allah. Yunwar jaririya da ta uwarta amana ce a hannunka, ba ka da ikon yin sadaka da ita. Abin da ya hana ka zuwa idon mutane ne, kuma wanda ke tsoron idon mutane bai gama sanin Allah ba. Ya miƙo mini ƙwaryar gidansa, ya ce: Tafi ka tsaya da rawaninka, a ƙarshen sahu, wannan shi ne wuridinka har ruwa ya sauka.

Na tsaya. Ban taɓa yin wata halwa da ta karya raina kamar wannan tsayuwa ba. Amma yarinyar ta rasu kafin shuka. Ba na cewa da na karɓa da wuri da ta rayu, domin ajali rubutacce ne. Sai dai na san za a tambaye ni kwanakin nan da na jinkirta, kuma yau shekara hamsin da ɗoriya ina neman gafara a kansu. Masu ilmin likita sun tabbatar cewa yunwar da ta sami yaro tun yana ciki har ya cika shekara 2 tana tauye girman jikinsa da kaifin hankalinsa, ko da ya rayu, kuma kumburin ƙafa alama ce ta tamowa mai tsanani. Wanda ya ga haka ga ɗansa ya kai shi asibiti a ranar, kada ya jira gobe.

Fasali na uku: asalin ciyarwar hukuma

Ka sani, tara hatsi a hannun shugaba da raba shi lokacin fari aikin annabawa ne. Annabi Yusufu, aminci ya tabbata gare shi, ya yi umurni a tara amfanin shekara 7 na yalwa, a bar shi cikin zangarniyarsa don kada ya ɓaci, a ci shi cikin shekara 7 na tsanani. 'Yan'uwansa, 'ya'yan annabi, jikokin annabi, suka zo Masar da raƙumansu aka auna musu, kowane mutum kayan raƙumi guda. Annabi Yaƙubu ne ya aike su, kuma babu mai cewa tawakkalinsa ya ragu.

A shekara ta 18 bayan hijira, daidai da 639, fari ya sauka a Hijaz wata 9, ƙasa ta yi baƙi kamar toka, aka kira ta Shekarar Toka. Mutanen ƙauye suka kwararo Madina. Sayyidina Umaru, Allah ya yarda da shi, ya rubuta ma gwamnoninsa, Abu Ubaida ya zo daga Sham da raƙuma 4,000 ɗauke da abinci. Aka girka manyan tukwane, aka naɗa mutane masu kula da kowane gefen gari. Masu tarihi sun rawaito cewa ya sa a ƙirga waɗanda suka ci a wurinsa dare guda aka sami 7,000, waɗanda ake kai ma abinci gida kuwa, marasa lafiya da mata da yara, 40,000. Shi kansa ya rantse ba zai ɗanɗana man shanu ko nama ba sai mutane sun farfaɗo, ya riƙa cin man zaitun har launinsa ya sauya. Ya jinkirta karɓar zakka a shekarar, bai kuma yanke hannun wanda yunwa ta sa ya ɗauki abin wani ba.

An rawaito kuma ya sa aka gasa awo guda na hatsi, wanda ake kira jaribi, aka ciyar da mutum 30 da rana suka ƙoshi, aka sake haka da dare, sai ya yanka ma kowane rai jaribi 2 a wata. Da ya ji wata mace tana gaggauta yaye ɗanta domin ba a rubuta yaro sai an yaye shi, ya yi kuka, ya sa a yi shela cewa kowane jariri yana da rabo tun ranar haihuwarsa. To, ka ga ƙirga mutane da rubuta suna da awo na wata wata duk suna da asali daga wannan halifa. Waɗanda suka ci daga tukwanensa kuwa sahabbai ne da tabi'ai, kuma ƙurar takalminsu ta fi mu.

Fasali na huɗu: hukuncin karɓa

Dukiyar baitulmali ba ta shugaba ba ce, ajiya ce a hannunsa, mabukaci yana da hakki a cikinta. Wanda ya karɓi hakkinsa bai yi roƙo ba. Ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa Annabi yakan ba Umaru kyauta, Umaru ya ce a ba wanda ya fi shi bukata, sai Annabi ya umurce shi ya karɓi abin da ya zo masa ba tare da ya roƙa ko ya sa rai ba, abin da bai zo ba kuwa kada ya bi shi da zuciya. Wannan shi ne ma'aunin mutanen tafarki a wannan babi.

In ka ce: ai ni na kai sunana da kaina, wannan ba roƙo ba ne? Sai in ce: cikin hadisin Ƙabisa da Muslim ya rawaito an halatta tambaya ga mutum uku: wanda ya ɗauki bashi don sulhunta mutane, da wanda annoba ta cinye dukiyarsa, da wanda talauci ya kama har mutum uku masu hankali daga jama'arsa suka shaida. Wanda fari ko ambaliya ko fara ko 'yan bindiga suka raba da gonarsa yana cikin na biyu, har ya sami abin tsayuwa da ƙafarsa. A wurin Malikawa fakiri shi ne wanda abin hannunsa ba zai kai shi shekara ba, miskini kuwa shi ne wanda ba ya da kome, kuma su ne farkon kashi 8 da aka ambata cikin Suratut Tauba.

In ka ce: abincin daga waɗanda ba Musulmi ba ne? Sai in ce: hatsi da mai da gishiri ba su da addini. Annabi ya karɓi kyautar Muƙauƙisu mai Masar, kuma ya yi wafati sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude bisa sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo ma iyalinsa. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka kafa a 1961, ƙasashe ne ke zuba mata, cikinsu har da na Musulmi. Abin da aka hana guda ne: in an sharɗanta maka barin addininka ko aikata haram kafin a ba ka. In babu wannan, karɓi, ka gode ma wanda ya miƙo, ka san Mai bayarwa na haƙiƙa. Kai ɗaya ne daga jama'a mai yawa, domin ƙididdigar da majalisar ta fitar a 2024 ta nuna kimanin mutum miliyan 733 suka yi fama da yunwa a duniya cikin 2023.

Fasali na biyar: ladubban mai karɓa

Na farko, gaskiya wurin ƙirga. Mai baki 6 kada ya ce 10, kada ya rubuta mamaci, kada ya shiga sahu sau biyu. Abin da ya ƙaru da ƙarya daga bakin wani maraya aka cire shi, kuma jikin da ya tsiro da haram wuridinsa ba ya haske.

Na biyu, wanda yake da abin da zai kai shi kaka ya janye, ya bar ma wanda ba ya da shi, ko da mai rabo abokinsa ne.

Na uku, natsuwa a sahu. A watan Disamba na 2024 fiye da mutum 60 suka mutu cikin turmutsitsi a wuraren rabon abinci a Ibadan da Abuja da Okija, da yawansu yara da mata. Muridi ya kasance mai gyara sahu kamar yadda yake gyara shi a salla, ya gabatar da tsoho da makaho da mai ciki, ya shagaltar da harshensa da istigfari maimakon zagi.

Na huɗu, kada a sayar da abincin jinya na yara, wato haɗin gyaɗa da madara da ake bayarwa cikin 'yar leda, wanda aka ceci yara masu yawa da shi a Maraɗi da Damagaram cikin yunwar 2005. Magani ne da aka auna bisa nauyin yaro. Uban da ya ci shi ko ya kai shi kasuwa ya ci amanar ɗansa, mai saye kuma ya yi tarayya da shi cikin zunubi.

Na biyar, tsaron zuciya, kuma shi ne mafi wuya. Kada ka wayi gari zuciyarka tana rataye da ƙarar mota. Mota sababi ce, mai rabo sababi ne. In sun zo, Allah ya aiko su. In sun yanke, taskarsa ba ta yanke ba. Kada kuma ka ƙasƙantar da kanka ga mai rabo da kirari da durƙuso, ko ka sayar masa da shaidarka ko ƙuri'arka saboda mudu biyu.

Fasali na shida: gargaɗi ga mai rabo da mawadaci

Ya kai wanda aka damƙa ma makullin sito, ka sani kana tsaye inda Annabi Yusufu ya tsaya, kuma sharaɗin wurin biyu ne: tsaro da sani. Buhun da ka karkatar zuwa kasuwa ko gidan surukinka za ka zo da shi bisa wuyanka ranar tsayuwa. Tun a duniya ma ana gani. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da mulkin Diori Hamani, kuma cikin dalilan da suka faɗa har da cewa abincin agaji bai isa ga talakawa ba. Kada ka yi gori, domin gori yana ɓata sadaka kamar yadda ya zo cikin Suratul Baƙara. Kada ka bambanta mutane da ɗariƙa ko ƙabila ko addini, domin Umaru ya ga tsohon Bayahude yana bara, ya kama hannunsa ya sa aka yanka masa rabo daga baitulmali. Ka nemi waɗanda kunya ta tsare a ɗaka ka kai musu da dare, domin irina na da suna da yawa.

Ya kai mai rumbu, zakkar hatsi tana wajaba in amfani ya kai wusuƙi 5, wato sa'i 300, kowane sa'i mudun Annabi 4. Ushiri ne ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri ga abin da aka shayar da wahala. Da an fitar da ita bisa gaskiya a kowace gona, da sahun agaji ya gajarta. Bayan zakka kuma akwai wani hakki: Halilu ya ambata cikin Muhtasar cewa wanda ya hana matsattse rarar abincinsa har ya mutu, lamuni yana kansa. Mai ɓoye hatsi yana jiran tsada, maƙwabcinsa yana kwana da yunwa, kada ya ruɗu da yawan carbinsa.

Cikawa

Ya ku 'yan'uwa, abincin agaji kamar taimama ne: halal ne tsarkakakke lokacin rashin ruwa, in ruwa ya samu sai a koma ga alwala. Wanda ƙarfinsa ya dawo, hanya ta buɗe, ya ɗauki fartanya ko allura ko igiyar guga. An rawaito cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana tufka igiya da hannunsa ya ci daga kuɗinta, ɗansa Muhammadu Bello kuma ya wallafa littafi bisa hukuncin sana'o'i yana kwaɗaitar da neman halal. Kada wanda ya sami irin shuka ya daka shi, ya daure ya kai shi rami. Amma gajiyayye da gwauruwa mai marayu da wanda aka kora daga garinsa, ko sun shekara goma suna karɓa babu zargi a kansu, kuma wanda ya yi musu gori ya ji tsoron ranar da za a juya ƙwarya.

Ina yi muku wasiyya da aikin Ash'arawa, waɗanda Annabi ya yaba ya ce su nasa ne shi nasu ne: in abincinsu ya ƙaranta sukan tara abin da ya rage cikin mayafi guda, su raba daidai da awo guda. Kowace zawiya ta ajiye rumbu. Da kaka kowane muridi ya zuba abin da ya iya, ko dami ko tiya, a damƙa shi ga amintattu biyu, a rubuta shiga da fita, kada a buɗe sai tsakiyar damina lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Muƙaddami kuma ya riƙa duban fuskokin almajiransa. Wanda ya ga ya rame, ko ya daina zuwa zikiri, ya bi shi gida ya dubi murhunsa kafin ya tambaye shi wuridinsa.

Ya Allah, ka ciyar da mayunwatanmu, ka suturta matsiratanmu, ka mayar da korarru gidajensu, ka shayar da mu ruwa mai albarka, ka sanya tausayi a zukatan shugabanninmu. Ka gafarta ma wannan tsoho jinkirinsa, ka haɗa shi da 'yarsa a inda babu yunwa babu ƙishirwa. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta ta ga wanda bai iya ba, ya kuma sa marubucinta da iyayensa da shehunansa cikin addu'a.

Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Amin.